Rigar da Kawu Ummaru Ya Rina

Na san abin da ake gaya muku a gari. Ke Hafsatu kin taɓa dawowa daga Islamiyya kina kuka, wai wata ta ce ubanku korarsa aka yi daga wasa a Bakura don ya shiga fili da asiri a jikin riga. Kai kuma Mustafa ba ka taɓa tambayata ba, amma na lura duk ranar da wani ya kira ni Lawali Mai Shuni a gabanka sai ka sunkuyar da kai kamar an ce uban naka ɓarawon akuya ne. To ku zauna ku karanta. Ni ban gama sakandare ba, saboda haka kada wani cikinku ya zo yana nuna mini inda ya kamata in sa waƙafi. Abin da na sani shi ne ban taɓa ɗaura laya don in kayar da mutum ba, ban ma buƙace ta ba, ƙafata ta dama ta ishe ni. Abin da ya faru a Bakura aikin mutum uku ne: wani tsohon soja mai taurin kai, wani marini mai son a yaba aikinsa, da wani ma'aikaci daga Gusau wanda tun da aka haife shi ba a taɓa ɗaga shi an buga da ƙasa ba.

Tsohon sojan shi ne Saje Mamman, Allah Ya jiƙansa. A bariki ya koyo judo. Da ya yi ritaya ya dawo Mafara, sai ya roƙi wani tsohon sito na ma'aikatan noman rani, wanda aka daina ajiye taki a ciki. Muka cika buhuna da buntun shinkafa, muka jera su, muka rufe da tamfol, ita ce katifar wasanmu. In aka kayar da kai, sai ka yi atishawa tukuna kafin ka tuna da ciwon baya. Mutanen gari suna kiranta kokawar 'yan Japan, wasu har leƙe suke ta taga suna dariya, wai ƙarti sun sa kayan barci suna rungumar juna da rana tsaka. Ni da kokawar gargajiya na fara, a dandali bayan girbi, kuma ban yi suna ba don ba ni da jiki. A can Saje ya gan ni, ya ce ƙafata ta fi ƙirjina hankali, in same shi a sito. Kowa kurtu yake ce masa, ko da ya tara gemu da iyali.

Kayan wasanmu abin tausayi ne. Buhun fulawa muke saye, a wanke har rubutun ya fita, tela ya ninka biyu ya ɗinka riga da wando. Suna da fari kam, amma in ƙato ya damƙi wuyan rigarka ya ja, sai ka ji ƙyat. Kayan gaske guda ɗaya ne a Mafara kaf, na Saje, wanda ya taho da su daga bariki. Rigar tana da kauri kamar bargo, wuyanta kuwa in ka riƙe sai yatsunka su gaji kafin ya lanƙwasa. A shekarar da na kayar da duk wanda ke cikin siton nan, Saje ya buɗe akwatinsa na ƙarfe ya fito da ita ya ɗora mini a hannu.

"Kurtu, wagga riga ta girme ka. Ka riƙe ta fara. Ranar da na ga datti gare ta, na karɓe abata."

A shekarar nan na auri uwarku Luba, wankin rigar ya koma hannunta. Kun san jar ƙasar Mafara, kun kuma san uwarku. Takan ce ita ba a gaya mata riga za ta aura ba, amma ba ta taɓa bari na fita da ita da tabo ba. Aikina a lokacin ƙwadago ne a gonakin rani na mutane, ranar Talata kuma in yi dako a kasuwa, kwandon tumatir da buhun albasa. Ban raina ba, amma ban yi niyyar mutuwa a ciki ba.

Ana nan sai ga ma'aikacin nan daga Gusau, da farar shadda da takalmi mai ƙyalli. Ba zan faɗi sunansa ba, Yallaɓai muke ce masa, kuma yana son hakan. Ya tsaya bakin ƙofar sito don kada ƙura ta same shi, ya ce za a yi wasan zaɓe a Bakura. Wanda ya ci a kowane rukunin nauyin jiki zai shiga ƙungiyar jiha, kuma duk wanda ya shiga ƙungiyar jiha ana ɗaukarsa aiki, albashi duk wata. Da na ji kalmar albashi sai na ji kamar an sauke mini buhun albasa daga ka. Sannan ya ƙara da cewa akwai sabuwar doka: kowane ɗan wasa ya zo da kaya kala biyu, fari da shuɗi.

"Shuɗi na mi?" in ji Saje.

"Don a bambanta 'yan wasa, Saje. Haka duniya ta koma. A talabijin, in duka biyun fari suka sa, mai kallo ba ya gane wa ya kayar da wa."

"Talabijin na zuwa Bakura?"

"Doka ce, ba ni na yi ta ba."

"Mu jan ƙyalle munka saba ɗaura ma guda a ƙugu, kuma ba a taɓa ba matacce nasara ba. Alƙalin da bai iya bambanta mutum biyu da ke gabanshi, ya tahi asibitin ido."

Yallaɓai ya yi murmushin mutanen ofis ya koma motarsa. Ranar ba mu yi wasa ba, wa'azi muka sha. Saje ya ce waɗanda suka ƙirƙiro wasan nan ba rashin rini ne ya sa suka zaɓi fari ba. Fari ba ya ɓoye komai. In ka zo da ƙazanta a gani, in an ji maka ciwo a gani, ɗan sarki da ɗan dako in sun hau katifa kaya ɗaya ne a jikinsu. Ya ce yau shuɗi, gobe za su ce a manna tallan sabulu a baya kamar 'yan ƙwallo. Kafin mako ya zagayo maganar ta kai teburin mai shayi na tasha, mutanen da ba su taɓa ganin judo ba sun rabu gida biyu. Direbobi suna bayan fari don suna tsoron Saje. Telanmu yana bayan shuɗi don ya hango ɗinki. Mai shayi kuwa duk wanda ya sayi shayi da burodi shi yake goyon baya.

Hukuncin Saje shi ne mu tafi da farinmu, in an koro mu mu dawo da farinmu. Shi yana da sauƙin faɗa, fanshonsa na zuwa. Ni kuwa uwarku tana da cikinka, Mustafa. Kuma a nauyina mutum ɗaya ne ke gabana, Bala na Bakura, wanda na taɓa kayarwa har a gaban mutanen garinsu. Labari ya iso mini cewa wansa da ke Legas ya aiko masa da shuɗin kaya sabbi a leda. Na tambaya a Gusau babu, na sa aka tambaya a Sakkwato babu. Na ga aikin gwamnati zai wuce ni ya tafi wurin mutumin da na fi, saboda launin riga.

Uwarku ce ta fara kawo maganar, tana tankaɗe a tsakar gida, ni ina zaune na rafka tagumi.

"Maigida, wai ba kawunka marini ba ne?"

Na ɗago kai. Lissafin bai da wuya. Fari ana iya arowa a sito, akwai wanda nauyinsa ba nawa ba ne. Shuɗi babu mai shi. Ba a rina kayan aro, kuma in na rina buhun fulawa, Bala zai yaga shi a riƙon farko. Riga ɗaya ce ta rage. Uwarku ta ga inda idona ya tafi, kan igiyar shanya, sai ta ajiye rariya.

"Ni dai ban ce ka rina ta Saje ba. Ka shaida, kuma Allah Ya shaida."

Har yau in maganar ta taso haka take cewa.

Kawu Ummaru wan uwata ne, a Maradun yake. Ba ku san shi ba, kuma yanzu ko hanyar ba na son ku bi ba tare da dalili ba. A da karofinsu cike yake da rijiyoyin rini, amma a lokacin da nake ba ku labari tasa kaɗai ke aiki, sauran an cika su da shara. Hannuwansa shuɗaye ne har gwiwa, ko a masallaci in ya ɗaga su ana gane shi daga sahun baya. Na same shi yana motsa rijiya da doguwar muciya, warin ganyen baba da toka ya cika wurin. Muka gaisa, ya tambayi uwata, ya tambayi mai ɗakina da nauyin da take ɗauke da shi, ya tambayi ruwa, ya tambayi kasuwa, ya sake tambayar uwata. Sannan na kwance ƙunshi. Na yi masa bayani dalla-dalla: shuɗi mai haske nake so, irin na rigar 'yan makaranta, a tsoma a fitar kawai. Bai ma saurare ni ba. Ya kama wuyan rigar yana murzawa tsakanin yatsu.

"Wagga saƙa ce. Su wa sunka yi ta?"

"Mutanen Japan, Kawu."

"Sun iya. Amma sun bar aiki rabi. Farin tuhwa ai tuhwa ne da ba a gama ba. Gaban wa za ka sa ta?"

"Manya daga Gusau."

"Manya daga Gusau. Kuma ka ce in yi maka rinin 'yan makaranta, a ce wa ya rina, a ce Ummaru na Maradun. Tahi, ɗan ƙanwata, ka dawo bayan Juma'a."

Da na dawo, sai na tarar Kawu ya yi mini abin da yake yi wa hakimai. Ya tsoma ta ya shanya, ya sake tsomawa ya shanya, har ta kusa zama baƙa. Sannan ya kai ta wurin mabugi, aka barbaɗa mata garin shuni, aka ɗora kan gungume aka yi ta bugu har ta ɗauki ƙyalli. Ku yaran yanzu ba ku san irin wannan tufa ba, sai in gaya muku. Darajarsa ita ce ya bar launi a jikin mai shi. A da in ka ga dattijo goshinsa da wuyansa sun yi shuɗi saboda rawani, ka san ba ƙaramin mutum ba ne. Saboda haka a wurin Kawu zubar launi ba aibi ba ce, ita ce shaidar ba a yi rowar shuni ba. Ya warware rigar a rana, tana walƙiya kamar wuyan tantabara. Wallahi ban taɓa ganin kayan judo masu kyanta ba, har a talabijin ɗin da ake faɗa. Ya ƙi karɓar komai daga hannuna, ya ce sharaɗi ɗaya ne, kada ruwa ya taɓa ta kafin ranar, in ba haka ba ƙyallin ya tafi.

A gida uwarku ta goga yatsa a hannun rigar ta nuna mini.

"Maigida, wagga tana zuba. Bari in ɗauraye ta."

"Kawu ya ce kada ruwa ya taɓa ta."

"Kawu ne zai yi kokawar?"

Ban bari ba, kuma har gobe ban ga laifina ba. Mutum ya tsaya bakin ƙofa ya ce shuɗi. Bai ce mai haske ba, bai ce marar zuba ba, bai nuna mana ko hoto ba. Na naɗe ta na sa a ƙasan jaka. Saje kuwa na ce masa rigarsa na wurin wanki, zan fara da ta aro.

A zauren wata makaranta aka yi wasan a Bakura, cikin bazara, rufin kwano, tagogi cike da kawuna. An kawo katifun gaske daga Gusau a bayan mota, sabbi, masu ruwan ɗorawa. Yallaɓai yana zagaya su yana korar mutane kamar mai gadin gonar kankana. Da aka tara 'yan wasa aka ce masu shuɗi su ɗaga hannu, Bala kaɗai ya ɗaga. Ni ban ɗaga ba don Saje na tsaye a bayana. Yallaɓai ya duba hagu ya duba dama, ya ga in ya bi dokarsa zai koma Gusau da mutum ɗaya. Sai ya yi gyaran murya ya ce, to, na bana kawai, a ɗaura jan ƙyalle. Kun ji. Dokar da ta hana ni barci, ta sa na tsoma rigar Saje a rijiya, da gyaran murya ɗaya aka ɗage ta. Saje ya fito da jan ƙyalle daga aljihunsa, da ma ya taho da shi, ya miƙa wa alƙali yana kallon rufi.

Na ce a raina shi ke nan, in yi wasana da farin aro, rigar ta kwana a jaka, in san ƙaryar da zan yi daga baya. Na kayar da na farko ban ko yi gumi ba. Na biyu wani Bafulatani ne dogo daga wajen Ruwan Gizo, mai riƙo kamar ya kama ƙahon sa. Na kayar da shi, amma ya tafi ƙasa da rabin rigar aro a hannunsa, ta yage daga wuya har gindi. Saura ni da Bala. Sauran 'yan sitonmu rigunansu ko sun yi mini kaɗan ko sun riga sun yage. Saje ya dube ni.

"Wasan ƙarshe da buhu? Ina taka? Kar ka ce mini ka baro ta."

Babu inda zan gudu. Na buɗe jaka na fito da ita. Hasken taga ya faɗa mata. Saje ya daɗe yana kallo, ya kai hannu zai taɓa, ya fasa.

"Kurtu, wagga tawa ce?"

"Ita ce, Saje."

"Mi ta yi maka?"

Na kau da kai. Ya ja numfashi irin na wanda ya hau tudu.

"Tahi ka kayar da shi. Maganarmu tana baya."

Yallaɓai kuwa murna kamar an yi masa haihuwa. Ga shuɗi ya samu. Ya sa Bala ya sa farinsa, ya kira mai hoto ya ce yau za a ga judo irin na duniya. Da na fito, zauren ya ɗauka. Wani ya ce ango ya iso. Wani daga taga ya ce a kawo wa hakimin Mafara doki. Muka rusuna wa juna, alƙali ya ba da izini, Bala ya damƙi wuyan rigata, na damƙi tasa.

Zafi ne ya fara aikin. Kafin mu zagaya katifa gumi ya jiƙa ni, rigar ta fara ba da abin da Kawu ya zuba mata. Bala ya saki riƙo ya share fuska da tafin hannu, sai ga shi da baƙin goshi da baƙin hanci. Mutane suka fashe da dariya, shi bai san dalili ba, sai ya ƙara fusata ya ƙara share fuska. Na share masa ƙafa ya faɗi ta gefe, na bi shi ƙasa, muka yi ta birgima, shi a sama ni a ƙasa, ni a sama shi a ƙasa. Da alƙali ya tashe mu, babu sauran mai fari a kan katifar nan. Ni baƙi-baƙi, Bala shuɗi mai dabbare-dabbare. Alƙali ya nuna maki wajen Bala, alƙalin gefe ya ce a'a na ɗayan ne, suka tsaya suna tambayar juna wane ne ɗayan. Na ji muryar Saje daga baya yana cewa ko a kawo jan ƙyalle.

Aka ci gaba. Bala ya turo ni da ƙarfi, abin da nake jira ke nan. Na juya, na sa ƙugu, ƙafata ta dama ta ɗebe tasa. Ya tashi sama ya sauka da bayansa gaba ɗaya, ƙarar ta kai har waje. A judo wannan kayen shi ne ƙarshen magana. Hannun alƙali ya fara tashi. Bala yana kwance ya ɗaga tafukansa ya dube su, ya dubi ƙirjinsa, sai ya kwarma ihu.

"Ya shafa mini wani abu! Hannuwana sun mutu!"

Mutanen Bakura suka yo cikin zaure. Wani ya ce asiri ne, kalmar ta bi tagogi ta fita gari, kuma ita ce har yau take yawo har ta iso Islamiyyarku. Yallaɓai bai dubi Bala ba, bai dube ni ba. Katifunsa yake kallo. Duk inda muka birgima ga shaida, ga tafin hannu, ga gwiwa, ga bayan mutum sak. Ya ce kayan gwamnati ne, shi zai amsa tambaya. Ya ce rigata ba ta kan ƙa'ida, an soke wasan, Bala ya ci. Saje ya ratso mutane ya tsaya gabansa.

"Yallaɓai, duk ɗakin ga babu wanda ya kai ni ƙin wagga riga. Amma bayan yaron ga ya taɓa ƙasa, har na waje sun ji."

"Saje, kai da bakinka ka ce fari."

"Na ce fari. Kai ka ce shuɗi. To ga shuɗi, ya ishe ka har Gusau."

Wataƙila da an bar su su biyu da an daidaita, don na ga alƙali yana gyaɗa kai. Amma ni na matsa in roƙi arziki, na kama hannun Yallaɓai ina cewa ya dubi Allah, matata na da ciki. Da na saki, ga yatsuna biyar a kan farar shaddarsa. Daga nan ko Sarkin Musulmi ne ya sa baki ba zai saurara ba.

Mota ɗaya muka shigo ni da Saje zuwa Mafara. Da muka sauka a tasha ya ce in riƙe rigar, shi ba shi da riga mai wannan launi, amma kada in kuskura in hau katifarsa da ita. Uwarku ta yi ta wanki, kwatar gidanmu ta yi ta gudu da shuɗi, agwagin maƙwabta suka canza kala. Ba ta ce mini ai na gaya maka ba ko sau ɗaya, waƙa kawai take yi in tana dirzawa, kuma waƙar ta fi maganar ciwo.

Ranar wata Talata Kawu Ummaru ya zo kasuwa, labari ya riga ya kai masa. Ya same ni ina sauke albasa, ko gaisuwar kirki bai tsaya mun yi ba, abin da bai taɓa yi ba.

"Ta yi ƙyalli?"

"Ta yi, Kawu. An kore ni."

"Amma ta yi ƙyalli."

Na kai shi teburin mai shayi, sai ga Saje zaune. Na so in juya, Kawu ya riga ya gane shi daga zamansa irin na soja.

"Kai ne mai rigar? Na gama maka ita."

"Kai ne ka kashe ta."

"Malam, fari ai na likkafani ne. Mai rai launi yake sawa."

"Mai gaskiya ba ya buƙatar launi."

"To mi ya sa soja ba su sa fari?"

Suka yi ta yi har aka kira azahar, suka tafi masallaci tare suna yi, suka dawo suka ci tuwo a kwano ɗaya suna yi. Babu wanda ya sauka daga kan maganarsa, kuma babu wanda ya juyo ya tambaye ni abin da zan ciyar da iyalina. Na ci gaba da zuwa sito da buhun fulawa na ɗan lokaci. Aka haife ka, Mustafa, na karɓi hayar fegi a bakin kanal ɗin da ke kawo ruwa daga madatsar Bakolori, shinkafa ta cinye yammacin da nake zuwa wasa. Ba a sake kiran zaɓe a nauyina ba, don an riga an sami mutum. Bala ya je wasan ƙasa aka kayar da shi a zagayen farko, ya dawo ya zauna ofis, albashinsa bai taɓa yankewa ba.

Bara na je ɗaurin aure Bakura. Ina zaune a rumfa sai ga wani mai tumbi da babbar riga ya buɗe hannu yana cewa Mai Shuni, ashe kana raye. Bala ne. Muka gaisa, ya tambayi iyali, na tambayi nasa. Rumfar cike take da dattawan garin, wasu na gane su, suna cikin masu leƙe ta taga a ranar. Na ce yau kam.

"Bala, tsakaninka da Allah, hannuwanka sun mutu ranar nan?"

Ya yi dariya har hularsa ta zame.

"Wace mutuwa? Bayana ne ya mutu. Na ga in na tashi shiru, kai za a ɗauka."

"To gaya musu."

Ya juya ya dubi dattawan, ya ce, "Ya kayar da ni. Kaye mai kyau, babu asiri ko na sisin kwabo." Wani tsoho ya ce shi da ma ya sani, alhali na tuna fuskarsa, shi ya fara faɗin kalmar.

Da aka shafa fatiha Bala ya ce in zo ya rage mini hanya, Gusau zai koma, Mafara a kan hanyarsa take. Na tsaya ina kallon motar, doguwa, fara, gilashi baƙi. Na buɗe gidan gaba na zauna, na tura kujerar baya na miƙe ƙafa, don ni na san wanda ya kamata a ce yana riƙe da makullin. Na ce masa ya ƙara sanyin. Ya ƙara.